Muryar Yaro, Kuɗin Manya: Lacca kan Mawaƙan R&B da Suka Taso daga Ƙungiyoyin Samari

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Zan fara da wani yaro da galibinku ba ku taɓa jin sunansa ba, Frankie Lymon. A 1956 shekararsa 13, ɗan birnin New York, shi ke jan waƙa a wata ƙungiya ta samari biyar mai suna The Teenagers. Murya ce siririya mai zaƙi, ta karaɗe Amurka har ta tsallaka Ingila. Shekara na zagayowa ya rabu da abokansa, ya koma waƙa shi kaɗai. Sai balaga ta zo, murya ta buɗe, masu sayen faifai suka juya masa baya. Miyagun ƙwayoyi suka yi ajalinsa a 1968, yana da shekara 25. Duk sanda na ba da labarin nan sai raina ya sosu.

Ku lura da abu guda. Jarin yaro mawaƙi muryarsa ce, kuma jari ne mai wa'adi. A gidan makaɗanmu yaro yakan yi shekara da shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin a bar shi ya ja waƙa. A kasuwar waƙa ta Amurka an juya abin: yaron ake turawa gaba, manya na baya riƙe da takardun yarjejeniya.

Michael Jackson kowa ya san shi, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Shi da yayyensa, 'yan garin Gary a jihar Indiana, sun yi fice a kamfanin Motown tun 1969, lokacin yana da shekara 11. Da suka bar kamfanin a tsakiyar shekarun 1970, ko sunan ƙungiyarsu ba a bar su sun tafi da shi ba, ashe ba mallakarsu ba ne. Abin da ya ceci Michael shi ne ya koyi rubuta waƙa da tsara ta, kuma a 1979 ya haɗu da mai shirya waƙa Quincy Jones suka yi faifan da ya nuna wa duniya cewa yaro ya girma. Tasirinsa har Jos ya kai. Tagwayen nan na P-Square da kwaikwayon rawarsa suka fara tun suna sakandare.

To, inda nake son mu tsaya shi ne New Edition. Yara biyar ne daga unguwar Roxbury a birnin Boston, 'ya'yan talakawa: Bobby Brown da Ralph Tresvant da Ricky Bell da Michael Bivins da Ronnie DeVoe. Wani mai shirya waƙa, Maurice Starr, ya gan su a wata gasa, ya fitar musu da faifai a 1983. Suka zagaya gari-gari suna cika dandali. Da aka gama yawon aka mayar da su unguwarsu, kamar yadda su da kansu suka sha faɗa, kowanne ya tashi da dala 1 da santi 87. Ku sake ji: dala ɗaya da 'yan canji. Sauran kuɗin, aka ce, sun tafi a hidimar tafiya. Wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Suka rabu da Starr, shi kuwa ya je ya tara yara farar fata ya kafa New Kids on the Block a kan tsari iri ɗaya, kuma suka yi kasuwar da ta ninka ta waɗancan.

Amma dubi abin da ya fito daga yaran nan. An sallami Bobby Brown a 1985; shekara uku bayan haka ya fitar da faifan da ya fi kowanne ciniki a Amurka a 1989, da sabon salon da ya gauraya R&B, wato wani salon waƙa na baƙaƙen fatar Amurka, da kiɗan hip-hop. Johnny Gill ya shigo ƙungiyar da muryar babban mutum. Bell da Bivins da DeVoe suka haɗa tasu ƙungiyar; a 1990 suka fitar da faifai, Gill da Tresvant ma kowa ya fitar da nasa, duk suka karɓu. A ganina babu ƙungiyar samari da ta yi rassa irin haka.

Matan ma haka. Beyoncé tun tana yarinya take cikin wata ƙungiya a Houston, wadda aka kayar a gasar talabijin a 1993 kafin ta zama Destiny's Child. Bambancinta, mahaifinta ne manajanta, kuma da ta girma ta karɓi ragamar harkarta da kanta a 2011.

Wanda ya fi burge ni dai Bivins ne, wanda ba shi ne gwanin murya a cikinsu ba. Wasu samari 'yan Philadelphia suka tare shi a bayan dandali suka rera masa waƙa ba kiɗa. Ya zama manajansu, ya kai su Motown, kamfanin da ya riƙe sunan su Michael. Su ne Boyz II Men, kuma sunan nasu ma daga wata waƙar New Edition ta 1988 suka ɗauko shi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa lasifika.