Ambato da Dashen Hanta: Lacca kan Aikin Thomas Starzl

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana kan yadda ake auna tasirin mai bincike ta hanyar ƙirga ambato, wato sau nawa wasu masana suka kafa hujja da maƙalarsa a cikin tasu. Eugene Garfield, wani masani Ba'amurke, shi ne ya mai da wannan ƙirge sana'a, kundinsa na ambato ya fito a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin nan na "h" da ya hana malaman jami'a barci: idan kana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, lambarka 20 ke nan. To, ni mutum guda zan ɗauka, likitan tiyata Thomas Starzl na Amurka, wanda aka haifa a 1926, ya rasu a 2017.

A 1999 cibiyar da Garfield ya kafa ta bayyana cewa a fannin likitancin asibiti babu masanin da aka fi ambata kamar Starzl. Maƙalunsa sun haura 2,000. Wanda ya ji wannan sai ya zaci tun farko ana tafa masa.

Ku zo mu koma birnin Denver na Amurka, ranar 1 ga Maris 1963. Bayan shekaru yana gwaji a kan karnuka, Starzl ya yi yunƙurin farko na dasa hanta a jikin ɗan Adam. Yaro ne ɗan shekara 3, an haife shi hanyoyin ruwan matsarmamarsa a toshe. Jini ya ƙi tsayawa, yaron ya rasu a kan gadon tiyata. Dalili kuwa, hanta ce ke samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare, saboda haka mai lalatacciyar hanta da an yanka shi sai jini ya ɓalle. Waɗanda aka yi wa bayansa a shekarar babu wanda ya kai wata guda. Starzl ya dakatar da aikin, ya koma ɗakin gwaji. Amma abin da yake taɓa zuciyata shi ne bai ɓoye ba. Ya rubuta abin da ya faru ya buga a mujalla a shekarar, kowa ya karanta.

Sai a 1967 aka samu yarinya 'yar wata 18 mai sankarar hanta ta rayu fiye da shekara bayan dashe. Duk da haka, har ƙarshen shekarun 1970 yawancin waɗanda aka yi wa ba sa cika shekara, domin garkuwar jiki tana ɗaukar sabuwar hantar a matsayin baƙuwa ta far mata. Ku lissafa, kusan shekara 17 ke nan mutum yana aikin da manyan likitoci da dama ke ganin bai dace a ci gaba da shi ba.

Magani ne ya sauya labarin. Roy Calne na Jami'ar Kambirij a Ingila ya fara amfani da saikulosforin, maganin da ke danne garkuwar jiki, a dashe, Starzl ya haɗa shi da wani makamancinsa mai suna firednison, ya buga sakamakon a 1981, shekarar da ya koma Jami'ar Pittsburgh. Masu cika shekara suka tashi daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa kusan 70. A 1983 taron ƙwararru na hukumar binciken lafiya ta Amurka ya amince cewa dashen hanta magani ne karɓaɓɓe. Daga nan asibitoci suka yi ta buɗe sashen dashe, likitocin da ya horar suka bazu a duniya, kuma duk wanda ya zo rubutu dole ya fara da sunansa. A 1989 ya ƙara da takarolimas, wani maganin danne garkuwar jiki da wani kamfanin Japan ya samo. Ambaton nan da ake yi wa kirari a wannan lokacin ya yi ambaliya.

Ina roƙon masu zama a kwamitin ƙarin girma su riƙe tambaya guda: da a 1966 aka kawo muku takardun Starzl kan dashen hanta, me za ku gani? Majinyata da suka rasu, da aikin da aka dakatar.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ambato yana bin inda marubuta suke da yawa. Likitan da ya ƙarar da ƙarfinsa a Kano ko Damagaram kan ciwon hanta nau'in B, wanda uwa ke iya sa wa jariri wajen haihuwa, ko kan gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi, masu rubutu a fanninsa kaɗan ne, don haka masu ambatonsa kaɗan ne. Alhali allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da za a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa tana iya raba shi da sankarar hanta bayan shekara 30 ko 40. Wannan jaririn ba zai taɓa rubuta maƙala ya ambaci likitan ba.

Na ga an ɗaga hannu a baya. Bismillah, malama.