Tukunya Mai Ƙafa Uku da Masu Cewa Tarihi Ƙage Ne

Kabiru: Jama'a, barkanku da warhaka. Tun makon jiya saƙonni suke shigowa a kan mazahabar bayan-zamananci, wato postmodernism, har wata ɗaliba ta ce an koya musu cewa babu fassarar nassi da ta fi wata zama daidai, kuma tarihi da ƙagaggen labari duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Hajara: Amma a yi wa Hayden White, masanin tarihi ɗan Amurka, adalci, Malam. Abin da ya kawo a 1973 shi ne marubucin tarihi yana zaɓar zubi da salo kamar yadda mai adabi yake yi, kuma wannan gaskiya ne.

Kabiru: Na yarda da hakan, Malama. Inda na rabu da mabiyansa shi ne inda suka zarce suka ce hujja ba ta iya raba gardama. Ku dubi allunan yumɓun da Arthur Evans ya tono a tsibirin Kirit tun daga 1900, masu rubutun da ake kira Linear B. Evans ya rasu a 1941 yana kan bakansa cewa ba Girkanci ba ne. Alice Kober ta yi shekaru tana jera alamomin a kan ƙananan katuna har ta gano yadda ƙarshen kalmomin yake sauyawa, sannan a 1952 Michael Ventris, mai zanen gine-gine, ya ba yawancin alamomin sautinsu, sai ga tsohon Girkanci ya fito, alhali shi kansa wani harshe dabam ya yi tsammani.

Sani: To ai ɗan bayan-zamananci zai ce wannan ma fassararsa ce kawai.

Kabiru: Shi ya sa nake son labarin allon Pilos, wata tsohuwar fada a ƙasar Girka. A 1953 Carl Blegen, mai tonon kayan tarihi, ya ɗauko wani allo da Ventris bai taɓa gani ba, ya ɗora sautukan a kansa. Kalma ta fito "ti-ri-po-de", wato masu ƙafa uku, kuma ga hoton tukunya mai ƙafa uku a gefenta. Inda aka rubuta mai mariƙi huɗu, hoton yana da huɗu, inda aka rubuta uku yana da uku, inda aka ce marar mariƙi kuwa babu ko ɗaya.

Hajara: Kuma a allon ne aka ce wata tukunyar ƙafafunta sun ƙone.

Kabiru: Ƙwarai, wata kuma ƙafa ɗaya ta rage mata. Wannan shi yake taɓa ni, domin magatakardan fada ne yake ƙidayar kaya wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, bai san da mu ba, ba ya neman burge kowa, kuma gobarar da ta cinye fadar ce ta gasa yumɓun ya tsira.

Sani: Ina adabi ya shigo ciki?

Kabiru: Waƙar Homer, tsohon mawaƙin Girka, ta siffanta hular yaƙi da aka jera wa haƙoran aladen daji, an kuwa tono irinta a kaburburan zamanin da ya riga shi da ɗaruruwan shekaru. Amma allunan sun nuna fada mai magatakarda da lissafin tumaki da man zaitun, abin da waƙar ba ta san da shi ba. Ashe ana iya tantance inda mawaƙi ya riƙe gaskiya da inda ya ƙaga.

Hajara: Irin aikin da Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka yi a Zariya ke nan, da suka ƙi karɓar labarin Bayajida ido rufe, suka nemi a auna kowace majiya.

Kabiru: Haka ne, kuma idan duk fassara ɗaya ce, da me za mu ƙaryata abin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta a kanmu?

Sani: Malam, lokaci ya ƙure, ga shi ba mu taɓo Alan Sokal, masanin kimiyya, da maƙalar bogin da ya sa aka buga a 1996 don ya gwada 'yan bayan-zamananci ba.

Kabiru: Sai a shiri na gaba. Mun gode, a huta lafiya.