Motar kwana a gaɓar tekun arewacin Norwe: a ina aka yarda ka faka?

"A Norwe duk inda ya yi maka sai ka faka ka kwana, kyauta." Maganar da ke ta yawo ke nan a bidiyoyin masu motar kwana, wato mota mai ɗakin kwana a cikinta. Rabinta gaskiya ne, a ɗaya rabin kuma ake cin tarar mutane.

Hanyar dai a gurguje: ka kama babbar hanyar E6 ka yi arewa, ka haye tsaunin Saltfjellet, ka karkata zuwa Bodø, jirgin fito ya tsallaka da kai Moskenes cikin awa uku da ɗoriya. Ga tsibiran Lofoten nan, ga Reine da jajayen ɗakunan masunta. Wannan kam ido ya isa.

To, batun kwana. Dokar 1957 ta ba kowa damar kwana a filin da ba gona ba, ba harabar wani ba, muddin ya bar tazarar mita 150 daga gidan da ake zaune a ciki, bai kuma wuce dare biyu ba sai da izinin mai wurin. Amma wa aka ba damar? Mai tafiya a ƙafa da tantinsa a baya. Mota tana da tata dokar, ta 1977, wadda ta hana shiga da abin hawa mai inji cikin irin wannan fili. Wato da zarar tayarka ta sauka daga titi ta hau ciyawa ko yashin bakin teku, ka yi laifi, ko da ba gida ko ɗaya a kusa. Wurinka shi ne sansanin kwana na kuɗi, ko filin fakin da wurin hutawa na gefen hanya, su ma sai ka karanta allonsu, don da yawa a Lofoten sun hana kwana.

Lura da shuɗin allo mai harafin M. Faɗin da ke gefensa na kauce wa juna ne a siririyar hanya. Kyan wurin zai ja ka, amma in ka faka nan ka toshe wa kowa hanya, kuma direban babbar mota ba zai yi maka sallama da fara'a ba.

Tankin bayan gida da ruwan wanke-wanke, a tashar zubarwa kawai. Akwai su a sansanoni da wasu gidajen mai. Hura wuta kusa da daji an hana daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba.

Daga Lofoten sai ka koma E6 ka ci gaba da yin arewa, ka kama E69 zuwa Nordkapp, can ƙurewar arewacin ƙasar, ta hanyar ƙarƙashin teku mai tsawon kusan kilomita 7. Gangarenta na da tsanani, ka sa ƙaramin giya kada birki ya yi zafi. Kuma ka taho da labule mai kauri, don daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa a can.