Me ya sa murya ke yankewa a wayar ofis ko da layin intanet yana da ƙarfi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranku ya daɗe manyanmu 'yan kasuwa, da ƙannena masu harkar kwamfuta da ke zaune can baya, sannunku da zuwa.

Ƙorafin da na fi ji idan aka kira ni ofis shi ne: "Malam, mun sayi layi mai megabit ɗari, amma kwastoma ya kira sai muryarsa ta riƙa tsinkewa." To bari mu yi lissafi. Kira ɗaya ta intanet, a tsarin G.711 da yawancin wayoyin ofis ke aiki da shi, bai kai kilobit 90 a daƙiƙa ba, kilobit dubu kuwa shi ne megabit ɗaya. Mutum ashirin suna waya lokaci guda ba su cinye megabit biyu ba. Kun ga ke nan ba faɗin hanya ne ya gaza ba.

Ku ɗauki gero da tumatir. Buhun gero in ya kwana biyu a hanyar Legas, gero ne zai isa. Kwandon tumatirin Kadawa kuwa in ya makara, sai dai a zubar. Takarda ko hoton da kake saukewa gero ne. Murya tumatir ce. Wayar tana yanka maganarka ƙunshi-ƙunshi, kowanne milisakan 20 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), wato ƙunshi hamsin a daƙiƙa, kuma wanda ya iso a makare jefar da shi ake yi, ba a sake aiko shi. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya ITU, mai lamba G.114, ta ce jinkirin tafiya daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150. In ya wuce sosai, sai ka ga mutum biyu suna ta hawa kan maganar juna, kowa na cewa "ina jin ka, ci gaba". In ɓatan ƙunshi ya haura ɗaya cikin ɗari, kunne ya fara ji.

Mafi yawan lokaci ɓarnar a cikin gida take. Akanta yana tura manyan fayiloli zuwa kilawud, wato kwamfutocin haya da ke wata ƙasa, kyamarorin tsaro suna loda bidiyo, yaran shago suna kan TikTok da wai-fai ɗin ofis, murya kuma ta shiga layi a bayansu. Maganin ba tsada gare shi ba. A ware wa wayoyi nasu ɓangaren a cikin suwic, akwatin da kebul ɗin ofis duka ke haɗuwa a cikinsa, a sa wa ƙunshin murya alamar fifiko mai lamba 46, a umarci rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ta fara fitar da su kafin komai. Wayar tebur kuma a ja mata kebul. Ni ban yarda a ɗora wayar da ake ciniki da ita a kan wai-fai ba, ko mai ginin zai yi fushi saboda an huda masa bango.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Akwai wani kamfanin dillancin kaya a nan Kano da na yi wa aiki. Alhajin ya biya kamfanonin intanet biyu, yana da tabbacin in ɗaya ya faɗi ɗaya zai riƙe shi. Wata safiya katafila tana aikin kwalbati a bakin titi, ta tono waya. Na je na tsaya a bakin ramin, na ga bututu baƙi guda ɗaya a fashe, wayoyin faiba biyu, masu ɗaukar intanet ta hanyar haske, sun leƙo kamar jijiya, kowacce da tambarin kamfaninta. Rasit biyu yake biya duk wata, rami ɗaya suke bi. Ranar ba kira, ba a ga lissafin kaya ba domin yana kilawud, motoci a tsaye a bakin sito har la'asar.

Irin wannan ya faru da ƙasashe sukutum. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a yankin gaɓar Kodebuwa, domin kusa da juna suke bi. Da yawanku kun tuna yadda tura kuɗi ya gagara a ranar. Saboda haka in za ka ɗauki layi na biyu, tambayi mai sayarwa: ta wane titi wayarka ta shigo, ta wace hanya take zuwa Legas, wace wayar teku kake hawa? In ya kasa amsawa, nemi abin da ba ta ƙarƙashin ƙasa yake shigo maka ba, kamar intanet ta rediyo ko layin 4G ko Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Tsohon tauraron VSAT da ke nisan kilomita kusan 36,000 zai riƙe maka imel, amma zuwa da dawowarsa ya haura rabin daƙiƙa, hira a kansa wahala ce.

Nisa ma lissafi ne. Haske a cikin faiba yana cin kilomita dubu a milisakan biyar, ba mai iya ƙara masa gudu. Manyan cibiyoyin kilawud na Microsoft da Amazon na nahiyar nan a Afirka ta Kudu suke, an buɗe su a 2019 da 2020, wasu hidimomin kuma sai Landan. Abin takaici ne ka kira abokin cinikinka a Kantin Kwari daga Bompai, muryarka ta je Turai ta dawo. Ku tambayi mai ba ku layi ko yana haɗe da IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya, inda layukan cikin gida ke haɗuwa ba sai sun fita waje ba.

Sai wuta. An ɗauke, janareta ya ɗauki daƙiƙa talatin kafin ya tashi, rauta ta mutu, ta ƙara minti biyu tana farfaɗowa, duk kiran da ake yi ya yanke. Ku sa suwic da rauta a kan batirinsu na kansu, wayoyin su sha wuta ta kebul ɗin intanet daga suwic ɗin. Kuma sau ɗaya a wata, ranar da ba ciniki, ku zare babban layin da hannunku, ku kira wani, ku ji ko na biyun ya karɓa.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, a miƙa mata makirufo.