Bayan Makirufo: Aikin Mai Gabatarwa a Ƙaramin Gidan Rediyo a Damagaram

Assalamu alaikum masu kallonmu. Ku dubi wannan ɗaki. Bai fi shagon tela girma ba. An manna soso a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, ga tebur, ga makirufo biyu, can bayan gilashi kuma mai haɗa sauti na zaune. Daga irin wannan ɗaki muryar da ke tashinku da safe a Birni da Zango da Garin Malam take fitowa. Yau aikin mai wannan murya za mu duba.

A babban gida kamar Muryar Sahel ta Yamai, wadda ta samo asali tun 1958, kowa da nasa fage: mai nemo labari daban, mai tacewa daban, mai karantawa daban. A ƙaramar tasha kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da kayan duka. Shi zai hau kabu-kabu ranar Alhamis ya shiga Kasuwar Dole ya tambayi kuɗin tiyar hatsi da ta wake, ya naɗi muryar ƴan kasuwa da salularsa, ya dawo ya yanke a kwamfuta, sannan ya sha ruwa ya buɗe makirufo.

Sai fassara. Ko da yake a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, takardu da yawa da Faransanci suke isowa tasha. A ce takardar rigakafin sanƙarau ce. Bin ta kalma bayan kalma ba zai yi ba. Abin da ake so, tsohuwar da ke saurare a wajen Mirya ta gane wace rana, a wane wuri, kuma jikan da ya kai shekara nawa za ta kai. In ba ta gane ba, an dai yi magana a iska.

Amma a ganina zuciyar aikin tana cikin ƴan takardun nan da kuke gani a gefen tebur: sanarwa. Ɗaurin aure, suna, cigiyar yaron da ya ɓata, cigiyar ragon da ya tsinke igiya. Da kuma sanarwar rasuwa. A nan ba a gaggawa. Sunan mamaci da na mahaifinsa, laƙabin da aka san shi da shi, unguwarsu, lokacin jana'iza, gidan da ake zaman makoki. Garinmu cike yake da masu suna iri ɗaya; ka tsallake laƙabi ko ka sauya unguwa, sai kuka ya tashi a gidan da ba a yi mutuwa ba, ƴan'uwan gaske kuma su rasa jana'iza. Shi ya sa mai gabatarwa na kirki ba ya karɓar takarda ya juya baya. Yakan ce wa wanda ya kawo ta: «Alhaji, Allah ya ba da haƙuri. Faɗa mini sunan da bakinka in ji.» Muryar da zai karanta ta da ita ma daban take da ta filin gaishe-gaishe, ko da minti biyu ne tsakaninsu.

Kuɗin da ake biya na waɗannan sanarwa, da ɗan abin da talla ke kawowa, da su ake sayen man injin wuta in kuran ya ɗauke. Abin da ke saura wa ma'aikata kaɗan ne, a rediyon karkara ma da yawa aikin sa-kai suke yi.

Yanzu mu zo ga waya. «Alo, wa ke kan layi? Daga ina?» Ku ɗauka rani ne, ana maganar ruwa, matsalar da duk ɗan Damagaram ya san ta tun yana yaro. Dattijo ya kira, ya kwana bin layi da bido, ransa a ɓace. Yana da gaskiyarsa, dole a bar shi ya faɗa. Amma da ya fara kama sunan wani yana ɗora masa laifi ba hujja, mai gabatarwa zai ɗaga wa na bayan gilashi hannu a rage murya, ya ce: «Baba, mun ji kukanka, mu tsaya kan ruwan, mu bar sunan mutum.» Abin da ya fita ta makirufo ba ya komowa, tashar ce za ta amsa a gaban hukuma. Kuma shi mai gabatarwan, gobe sahu ɗaya zai tsaya a masallaci da wanda ya kira da wanda aka ambata.

Ina muryar ke tsayawa? Zangon FM yana tsakanin mita 87.5 da 108, kuma miƙe yake tafiya, ba ya son shamaki. Tsawon eriya da ƙarfin na'ura su ke yanke nisan, duwatsun Damagaram kuma kan tare wa wasu ƙauyuka.

Mai sha'awar aikin yana iya zuwa makarantar ESSCOM, wadda a da ake kira IFTIC, a Yamai ya karanci aikin jarida. Da yawa kuwa a cikin ɗakin nan suka koya. Ana fara ba ka ɗaukar kiran waya, sai gaishe-gaishe, sai kuɗin kayan kasuwa. Da ni ke riƙe da tasha, sabon yaro zai yi watanni yana zaune kusa da babba yana saurare kafin in miƙa masa takardar rasuwa. Ranar da zan ba shi kuma, sai ya karanta mini ita sau biyu makirufo na rufe.