Idan akwatinka bai fito ba a filin jirgi

Bel ɗin kaya ya daina juyawa, kowa ya ja nasa ya kama gabansa, kai kuma akwatinka shiru. To, kada ka fita daga zauren nan tukuna. A nan ne mutane ke cutar kansu, su ce bari su je gida su huta, gobe sa dawo.

Duba bayan takardar shiga jirgi ko jikin fasfonka. Akwai 'yar sitika mai lambobi 10 da aka manna maka wurin awon kaya. Ita ce shaidar cewa ka damƙa wa kamfanin jirgi jaka. Kai ta teburin kamfanin da ya sauke ka, ko da wani kamfanin ne ya ɗauko ka tun farko, a cike maka takardar rahoto da ake kira PIR. Za a ba ka lambar fayil, haruffa biyar da lambobi biyar. Idan a Kano ne za ta fara da KAN. Da ita ake neman jakar a WorldTracer, rumbun bayanai na kwamfuta da kamfanonin jirage da yawa ke amfani da shi.

Wurin kwatance ne ake yin sakaci. Ka ce "baƙar jaka" kawai? Jirgin Jidda guda yakan sauke irinta birjik. Faɗi girmanta, tayoyinta nawa ne, da jan ƙyallen da ka ɗaura a hannunta. Sannan ka ambaci abubuwa biyu ko uku na ciki, kamar farar jallabiya ko kwalin dabino, domin idan takardar jikinta ta yage, buɗe ta ake yi a gwada da abin da ka faɗa. Shi ya sa yake da kyau ka ajiye sunanka da lambar wayarka a ciki. Ka kuma ɓanɓare tsofaffin sitiku kafin tafiya, suna rikita na'ura. Gajeren lokacin sauya jirgi shi ma yakan sa a bar jaka a baya.

A yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ce ke aiki, Najeriya na cikinta. Jakar da ta iso a fashe, kana da kwana 7 ka rubuta ƙorafi. Wadda ta makara, kwana 21 daga ranar da ka karɓe ta. Wadda kuma ta wuce kwana 21 ba ta iso ba, kana iya neman diyyar ɓata. Tun ƙarshen 2024 iyakar diyyar kusan dala 2,000 ce ga kowane fasinja, kuma sai ka nuna darajar kayan, don haka ka adana rasit. Zinare, kuɗi da magani kuwa, jakar hannu ce wurinsu.

Wayar da ka manta a kujerar jirgi, kamfanin jirgi za ka tambaya. Wadda ka bari a tiren bincike, ofishin tsaron filin. Idan kuma ka ga jaka a yashe ba kowa kusa da ita, kada ka taɓa, kada ka buɗe neman sunan mai ita. Kira jami'in tsaro ka nuna masa daga nesa.