Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ɗakin Gwajin Duwatsu na Sashen Injiniyancin Man Fetur

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin Mai Martaba. Hakimai da 'yan majalisa da suka rufa wa Sarki baya, shugaban jami'a, malamai da ɗalibai, a madadin wannan sashe ina yi muku barka da zuwa. Mun gode da Sarki ya tako har ɗakin nan da ba kowa ke leƙowa ba, don ba abin da ke cikinsa sai gutsattsarin duwatsu da ƙarar inji.

Ranka ya daɗe, aikinmu a nan a kan yashi yake. Ɗanyen mai yana maƙale ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin dutsen yashi. Da zarar an haƙa rijiya, nauyin ƙasar da ke sama sai ya taru a bangonta, kuma gwargwadon yadda ake zuƙo mai, haka matsin cikin dutsen ke raguwa, nauyin ya ƙara danne ƙwayoyin. In dutsen ba shi da ƙwari, sai ya fara marmashewa, yashi ya biyo mai. Yashin nan yana cinye bututu da bawul, ya cike tankuna, wani lokaci ya toshe rijiyar ɗungurungum. Abin ya fi muni idan ruwa ya fara biyo man. Maginan rijiya ma sun san haka, shi ya sa suke ɗaure ta da siminti a ƙasa mai rairayi.

A Neja Delta, inda aka fara samun mai a Oloibiri a 1956, an sha fama da wannan, domin yashin shimfiɗar Agbada, wato shimfiɗar dutsen da man can ke kwance a cikinta, bai daskare sosai ba. Magani akwai: a sa rariyar ƙarfe, a zuba tsakuwa a bayanta, ko a tura sinadarin da ke liƙe ƙwayoyin. Sai dai duk suna cin kuɗi, kuma suna iya rage fitowar man. A ganinmu, ɓarna ce a sa wa kowace rijiya rariya don tsoro kawai. Mu kan ɗauki guntun dutsen da aka ciro daga rijiyar, mu matse shi a inji har ya fashe, mu haɗa da awon saurin sauti a cikin dutsen, sannan mu lissafa iyakar ƙarfin da za a zuƙi mai da shi ba tare da bangon ya rufta ba.

Allah ya ba Sarki nasara, maganar ta zo ƙofar gida. A 2019 aka sanar da samun mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, kuma a Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin. Duwatsun can, irin su dutsen yashin Bima, sun girmi na Delta nesa ba kusa ba, don haka lissafin Delta ba lallai ya yi musu daidai ba. Sai an gwada.

Roƙonmu ɗaya ne. Sarki ya sa mana baki wurin hukumomi da kamfanonin haƙa, a riƙa ba mu wani kaso na duwatsun da aka ciro, ɗalibanmu su gwada su a nan. Yanzu, in Sarki ya yi izini, za mu zagaya da shi ya ga injinan. Allah ya mai da Mai Martaba fada lafiya.